Zafin da Suka Yi wa Murna

"Wayyo... Hansai, ɗauke hannunki."

Hansai ta tsaya cak da guntun auduga a yatsunta. Tun da aka ce mijinta Maitama yana da kuturta, kowace safiya sai ta shafa auduga a kan farin tabon da ke damtsensa, kamar yadda aka koya mata a asibiti. Bai taɓa jin komai ba.

Yau tabon ya kumbura, ya yi ja, yana sheƙi.

"Maigida, zafi ka ji?"

"Kamar an ɗora mini garwashi."

Ta yi dariya har da hawaye. "Ai naman ne ya farfaɗo. Magani ya kama!"

Mahaifinta, Malam Aƙilu, ya riga ya faɗa: ranar da yatsan Maitama ya tanƙware, zai zo garin Ƙarfi ya tafi da 'yarsa. Don haka Hansai ta soya ƙosai ta raba sadaka.

Zafin ya gangaro gwiwar hannu. Maitama ya ce asibiti ya jira a gama tsinkar auduga, tunda sauƙi ne ke zuwa. Da auduga ta fara zamewa daga ƙananan yatsunsa, bai gaya mata ba.

A asibitin Malumfashi, Sista Gertrude, haifaffiyar Funtua, ta danna bayan gwiwar hannun. Maitama ya zabura.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon tsinka, Sista," in ji Hansai. "Mun ɗauka sauƙi ne..."

"Zauna, 'yar'uwa." Ta yi magana a hankali. "Jikinsa ne ya tashi yaƙi da ƙwayoyin cutar a cikin fata, shi ne wannan kumburin. Amma akwai jijiya a wurin, ita ma yaƙin yana cinta."

"Za ta dawo?"

Sista ta ɗauko bandeji. "Za mu kwantar da shi. Mu tsare abin da ya rage."

A kan bencin waje Hansai ta kalli hannun. Ɗan ƙaramin yatsan ya lanƙwashe, ya ƙi miƙewa.

"Baba zai zo ran kasuwa," ta ce.

"Ki bi shi, Hansaina. Kada ki saɓa masa saboda ni."

"Sai dai ya zo nan ya same ni kusa da kai."

Ta kama yatsan ta matse da dukan ƙarfinta. Maitama yana kallon hanya, bai san ta riƙe shi ba.