Ɗakin Baya na Mai Sharhin Wasanni

Magariba ta kawo jiki, mai sharhi yana ɗakin baya, inda ya shekara yana buga wasannin bidiyo yana rubuta ra'ayinsa a kansu. Edita ya ce ya waiwayi shekarar, ya fitar da gwani. Yana cikin tuna wani wasan yaƙi da ya taɓa yabawa, sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Wani ya biyo baya. Na gaba ya faso taga, ya tarwatsa talabijin.

Gidan ya yi tsit. Can sai ya ji dariya a bakin ƙofa. Auta ce, 'yarsa, amma muryar ta wani ƙato ce.

Kafin ya miƙe ta cafko shi, ta maka shi da bango. Ta kama hannunsa na dama, ta lanƙwasa yatsu biyu har suka ce ƙas. Matarsa ta shigo da salati, aka watso ta waje, goshinta ya fashe a kan dakali. Da ƙyar maƙwabta suka danne yarinyar, ɗaya ya ruga kiran Malam.

Malam ya zauna, ya yi ta karatu har gumi ya jiƙe masa riga. Auta ta sandare, idanunta suka juye.

"Wane ne kai? Me ta yi maka?" Malam ya tambaya.

"Ita ba ta yi komai ba," in ji muryar. "Mun riga shi zama a ɗakin nan. Shekara guda muna cikin harbi da kururuwar wasanninsa. 'Ya'yana sun firgice, ƙaramin ya daina magana. Sauran yatsunsa nake so."

"Ba za ka samu ba. Ka fita, ko in ƙona ka."

Muryar ta yi gurnani. "To ya bar mana ɗakin, da duk abin da ke ciki."

Malam ya dubi mai sharhi. Na'urorin nan su ne abincinsa. Mai sharhi ya dubi Auta, ta cije leɓe har jini na bin haɓarta.

"Na bari," ya ce.

Ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki. Nan take aka garƙame ɗakin da kwaɗo.

Da ta farfaɗo, idonta ya sauka kan hannunsa da ya kumbura.

"Baba, wa ya yi maka haka?"

Ya ɓoye hannun a bayansa. "Faɗuwa na yi, uwata. Sha ruwa."