Tsohuwar Lambar Banki

Ranar da ya fara ganinta, ta tsaya gaban tagarsa idonta jajir. Shi ne ma'aikacin bankin da ke tura kuɗi ƙasashen waje. Mahaifinta na kwance a wani asibiti a can, an ce ba za a yi masa tiyata ba sai kuɗi sun shiga.

Kowane banki yana da lambarsa, da ita kuɗi ke gane hanya. Bankin asibitin ya haɗe da wani, lambar ta canza, amma kwamfutar reshen da yake aiki tsohuwar kawai ta sani. Ya roƙi manaja a gyara tukuna.

"Kai yaro, da ita muka saba. Tura kawai."

Ya tura. Kuɗin suka maƙale a hanya. Kullum tana zuwa, kullum yana buga waya a gabanta har muryarsa ta dushe. A nan so ya shige su. Mahaifinta ya rasu kuɗin ba su isa can ba.

Manaja ya zo ta'aziyya, ya ce ƙaddara ce. Mutuwa ƙaddara ce, babu musu. Lalaci fa, shi ma ƙaddara ne?

Bayan mamanta ta gama takaba, kawunsa ya je nema masa aurenta. Mamanta ta ce, "Ɗan bankin da ya kashe min miji? Ga ɗan yayana mai kemis yana jira."

Ya aika mata saƙo: "Sanyin idona, kin daina ɗaga wayata."

Ta amsa: "Malam Tura, na ga wahalarka. Amma Mama ta ce hannunka ne ya danna, kuma gaskiya ta faɗa."

Da masu bincike suka zo daga hedikwata, manaja ya umarci kowa ya ce yarinyar ce ta kawo lambar da ba daidai ba. Kowa ya sunkuyar da kai. Shi kaɗai ya miƙe.

"Lambarta daidai take. Tamu ce ta mutu, kuma an sani."

Aka kore shi. Manaja kuwa wani reshe aka mayar da shi.

Da labari ya kai wa Mama, ta sa aka kira shi. Ya durƙusa a bakin ƙofa.

"Ba don kai ba, da sun ɗora wa 'yata mutuwar ubanta. Yanzu da me za ka ciyar da ita?"

"Ina neman aiki, Mama."

"To ka yi sauri, ci gare ta."

An ɗaura aure ba kiɗa ba taro, ƙanin mahaifinta ne waliyyi. Mama ta riƙe hannun amarya tana kuka.

"Allah ya yi muku albarka. Ɗana, ka riƙe min ita, ita kaɗai ya bar min."