Tabon da Ke Kusurwar Allo

Wata uku ina fama da kamfanin da ya sayar mini da allon kwamfuta. Wani baƙin tabo ne ya fito a kusurwa, kullum yana girma, har ya koma kamar mutum mai karkataccen wuya. Na rantse sai sun canja mini, tunda garanti bai ƙare ba.

Ina shirin rufe shagona na buga takardu da magariba, sai ga mutum rungume da kwali. Ban ji motsin ƙofa ba, warin ƙonanniyar waya kawai na ji.

"Hajiya, daga kamfani nake," in ji shi, muryarsa kamar rediyon da bai kama tasha ba. "Ba ni tsohon. Kada ki kunna shi."

"Malam, ba ka isa ba! Cewa kuka yi ƙarya nake. Yau sai ka ga tabon nan da idonka."

"Ki bari."

Na danna maɓalli. Allon ya haska fari fat, ko ɗigo babu.

Na juyo da masifa a bakina. Yana tsaye a kusurwar shagon, baƙi ƙirin, wuyansa a karkace.