Gwiwar Mai Ɗori

Ƙarar faɗuwar buta Rukayya ta fara ji, sai kuma nishin Baba. Ta watsar da wankin shinkafa ta yi soro da gudu. A ƙasa ta tarar da shi, ya riƙe gwiwarsa ta dama da hannu biyu, gumi na karyo masa.

"Baba... ta sake zillewa ko?"

"Tura ƙofar nan, Uwata, kada wani ya leƙo."

Abin da ya dame shi ke nan, kada a gani! Malam Isyaku mai ɗori ne, gado ya yi, kuma duk unguwar Soron Ɗinki babu lungun da bai ɗora wa wani ƙashi ba. Tun damina santsin bakin kwata ya kwashe shi, gwiwar ta murɗe, ta kumbura suntum. Ya sa Jibrin, ɗan wansa da ke koyon sana'ar a hannunsa, ya jera mata kara ya ɗaure tamau kamar karaya. Da aka kwance bayan makonni, kumburi ya saɓe, amma gwiwa ta sandare, cinya ta tsotse, kuma da ya taka sai ta zille. Sallah ta koma kan kujera a bayan ƙofa. Mutumin da bai san rashin jam'i ba, yanzu a ɗaki yake jin ana tayar da iƙama.

Rukayya ta kama shi ya zauna. Maganar da take ta haɗiyewa ta kufce mata.

"Baba, don Allah ka bar Muttaka ya duba ta."

Kallon da ya yi mata ya isa amsa.

Muttaka ma'aikacin gashin ƙashi ne a asibiti, ɗan Yakasai, kuma shi ne wanda zuciyarta ta zauna a kansa. Har manyansa sun sa ranar zuwa tambaya, sai Jibrin ya kawo wa Baba labari wai an ji Muttaka a majalisa yana cewa ɗori yaudara ce. Jibrin dai ya daɗe yana yi wa Rukayya kallon tasa, kowa a gidan ya sani. Baba ya aika a dakatar da manyan, ya ce wanda ya raina sana'ar da aka ciyar da ita da shi ba zai ɗauke ta ba.

Ranar da gwiwar ta sake zillewar nan, Rukayya ta kasa zaune ta kasa tsaye. Shinkafa ta caɓe, miya ta kama. Ta ɗauki waya ta ajiye, ta sake ɗauka. Can ta jiyo Jibrin a soro yana ba da shawarar a sake ɗaurewa, wai wancan karon bai matse sosai ba. Nan ta ji ranta ya ɓaci, ta kira.

"Muttaka, za su sake ɗaure ta... ni na rasa inda zan sa kaina."

"Share hawayenki, abar ƙaunata. Ga ni nan bayan La'asar. In korata zai yi, ya kore ni ido da ido."

Ya zo kuwa. Ta laɓe bayan labulen ƙofar tsakar gida. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa ya yi gaisuwa, Baba ya amsa a daƙile. Maimakon rantse-rantse, sai ya naɗe hannun rigarsa na hagu ya miƙa.

"Baba, taɓa nan. Ina firamare na faɗo daga katanga, kai ka ɗora shi. Da wane bakin zan ce yaudara ce?"

Yatsun tsohon suka bi damtsen a hankali har suka tsaya daidai gurbin. Hannu ya gane aikinsa. Jibrin da ke zaune a gefe ya tuna wai ana jiransa a kasuwa, ya sulale.

Muttaka ya ce abin da ya faɗa a majalisa ɗaya ne, ɗori na ƙashi ne, jijiya kuwa hanyarta daban. Sannan ya sunkuyar da kai ya tambayi Baba ko da ya laluba gwiwar ranar farko ya ji karaya.

Rukayya ta ciji gefen mayafinta.

"Ban ji ba," in ji Baba. "Amma ɗauri na iya."

Tausayinsa ya kama ta har hawaye suka zubo.

Washegari aka kai shi asibiti aka ɗauki hoton gwiwar. Likitan ƙashi ya ce jijiyar da ke riƙe gwiwar daga ciki ce ta yage. Ana iya tiyata a dasa wata, amma an fi yi wa matasa masu guje-guje, ga wanda ya manyanta kuwa a fara da gashi da motsa ƙafa, a ƙarfafa naman cinya ya karɓi aikin riƙon, a sa abin tallafar gwiwa. In ta ci gaba da zillewa, sai a dawo maganar wuƙa. Baba na jin an ambaci wuƙa ya ce a yi gashin.

Wahala aka sha. Kullum da yamma Muttaka na soro, yana lanƙwasa ƙafar kaɗan-kaɗan, yana sa shi ɗaga ta a miƙe, a ƙarshe a ɗora ƙanƙara. Mutumin da ya shafe shekaru yana ce wa masu karaya su daure, sai ga shi yana salati da ƙarfi yana cewa yaron nan mugu ne. Wata rana ma ya kore shi, washegari da yamma kuma ya tambayi Rukayya ko lafiya bai ji ɗuriyarsa ba. Ita dai tsakanin kicin da labule ta rame, domin ko sau ɗaya Baba bai tayar da maganar aurenta ba, Muttaka kuma ya hana ta tambaya.

Watanni suka shuɗe. Wata Alhamis ta kawo ruwa, ta tarar an ture kujerar sallah gefe. Baba na kan darduma, Muttaka na tsaye a bayansa. A hankali ya sauka, gwiwar hagu, sannan ta dama, sai goshinsa ya taɓa ƙasa. Ya daɗe bai ɗago ba, kafaɗunsa na rawa.

Da ya sallame ya goge ido, ya ja wandonsa ya rufe ƙafar har idon sawu.

"Saura zama nawa aikin nan ya ƙare?"

"Kaɗan ne, Baba. Sauran da kanka za ka riƙa yi."

"To ka hanzarta ka gama. Ka ce wa manyanka su zo Juma'a ta sama. Daga ranar ba zan ƙara buɗe cinyata a gaban suruki ba."

Kofin ya suɓuce daga hannun Rukayya. Ta rufe fuska da mayafi ta kwasa cikin gida, tana jiyo Baba yana faɗa wai a zo a goge ruwan nan kafin ya sake kayar da wani.