Ruwan Gumi a Gidan Hodi

Rana ta faɗi a Nasarawa, kaji sun shige akurki. Laure matar Hodi tana gumin shinkafar da aka kwaso daga Zauro. Sai ɗiyarsu Riskuwa ta ji cewa ƙawarta ta tafi Argungu ba sallama. Ta sunkuci tukunyar, ta watsa tafasasshen ruwan a gindin katanga, ba bisimilla, ana kiran magariba.

Tun daga ranar, da duhu ya soma sai jifa a kan kwanon rufi. Wani abu yana kiran sunanta daga bayan rumbu. Ta bar cin abinci. In ta buɗe baki, muryar namiji ke fita.

Hodi har daɗi ya ji, don wauta. Shekara da shekaru yarinyar nan tana ba shi kunya. Wanda ta so da safe, shi za ta zaga da yamma. In aka bar ta ita kaɗai, ta tsaga hannunta da reza. Yanzu ya sami mai laifi. Ya kirawo Malam Abdussamadu daga Gulma, ya ce in karatu bai yi ba, gidan mari za ta.

Malam ya zauna ya yi ta karatu. Can Riskuwa ta miƙe zaune.

"Wane ne kai?" in ji Malam.

"Mai gindin katanga. Ta ƙone min ɗa. Na shigo in gana mata azaba, na iske wutar da ke cikinta ta hi tawa. Ba wurin zama."

"Mi kake so?"

"A bar watsa ruwan zahi nan. Yau za ni tahiya."

Hodi ya yi wuf. "Ka tahi da shi duka! Zagin, da kukan, da rezar!"

Muryar ta yi wata dariya mara daɗin ji. "Kai tsoho, yaushe na zo gidanga? Wanga abu tun tana ƙarama yake, kuna kallo, kuna duka. Ba ni ɗaukar kayan wani."

Riskuwa ta yi atishawa, ta faɗi. Jifa ta tsaya.

Malam ya naɗe buzunsa. "Nawa aiki ya ƙare. Abin da ya rage ciwo ne a hali, ba iska ba. Akwai likitocin ƙwaƙwalwa Sakkwato. Zama ake da su, tana magana suna saurare, suna koya mata yadda za ta riƙe kanta in zuciya ta taso. Watanni ne, ƙila shekaru. Mari sai dai ya ƙara."

"Magana?" Hodi ya ja tsaki. "Tsuntsaye na cinye min shinkafa a fadama, in tahi Sakkwato hira?"

Ya zura takalmi ya fice, ko waige bai yi ba.

Riskuwa ta buɗe ido, ta damƙe zanen uwarta. "Inna, ke ma tahiya za ki yi ki bar ni?"

"Tahiya zan yi, amma da ke. Tashi ki wanke huska. Motar Sakkwato da sahe take tashi."