Layin da Aka Ce Kada a Taɓa

Bayan an rufe banki, injiniya ya harɗe hannu yana kallon basirar na'ura tana sabunta tsohuwar manhajarsu. Ta share wani layi da aka rubuta "kada a taɓa" a kansa.

Sai ya ji ƙarar madannai a bayansa. Dattijon da ya rubuta manhajar ne, wanda shi injiniyan ya sa aka sallama, yana bugawa a kwamfutar da ba a jona ba.

"Baba, wa ya buɗe maka?"

"Kai mana, ɗana. Ba kai ka ce a share duk abin da ba ya aiki ba? Tun ɗazu nake kallonka, ko yatsa ba ka ɗaga ba."

Injiniya ya dubi ƙarƙashin kujerar da dattijon ke zaune a kai. Takalma biyu a jere, babu ƙafa a cikinsu.