Muryar da Ke Nuna wa Djamila Hanya

Djamila 'yar Damagaram ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'yarsu Afnan a wani ƙaramin gida a unguwar Glenwood, cikin garin Greensboro na Amurka. Suna da abinci, suna da mota, amma ba su da mai ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Maƙwabciyarta Lucia ce ta koya mata tuƙi. Turancin Lucia kaɗan ne, don haka da Sifaniyanci take nuna hanya: izquierda hagu, derecha dama. Da Lucia ta koma ƙasarsu, sai Djamila ta mayar da muryar taswirar wayarta Sifaniyanci. Ko shagon unguwa za ta, sai ta kunna.

Hudu bakanike, mutumin Zariya, ya gyara mata birki sau ɗaya, daga nan kullum sai ya zo duba lafiyar birkin.

"Bakanike?" in ji Anti Assibi, ƙanwar babanta. "Ga Alhaji Sale da gida a Summerfield yana ta aiko gaisuwa."



Ranar da Hudu ya fara shiga motarta, ya ji wayar tana magana da Sifaniyanci, ya yi dariya.

"Wa ya rikita miki waya, ranki ya daɗe?"

Kafin ta amsa ya mayar da ita Turanci.

Ta gangara gefen titi ta tsaya.

"Sauka."

"Djamila, taimako na..."

"Na ce sauka."

Bai sake zuwa ba. Afnan ce kaɗai ta gan shi wata rana a masallaci, ta ba shi labarin Lucia.

Wata Asabar Anti ta gayyace su cin abinci a gidanta na McLeansville, ta ce Alhaji ma zai leƙo. Cikin gonaki taswirar ta tsaya cik. Babu gida kusa, babu mai wucewa. Djamila ta daɗe riƙe da sitiyari, sannan ta kira lambar da ta kasa gogewa.

"Me kike gani?" Hudu ya tambaya.

"Wata farar coci, da dawakai biyu."

"Na san wurin, na sha jawo mota daga can." Ya gyara murya. "Sigue... sigue recto. Wato miƙe."



"A ina ka koya?"

"Yaran garejinmu. Kullum dariya suke mini, wai kamar ina tauna ƙashi."

"Gaskiya suka faɗa," ta ce, hawaye na sauko mata.

Ta tuƙa a hankali har mararraba.

"To, ga ki nan," ya ce. "Derecha gidan Anti, an ce Alhaji yana can. Izquierda Greensboro, ina gareji da baƙin mai a hannu. Duk wadda kika zaɓa, zan kai ki har ƙofa, masoyiya."

 Sai ƙarar sigina, tik, tik.

"Wanne ta kunna?" ya tambayi Afnan ƙasa-ƙasa.

"Hagu, Kawu!" Afnan ta amsa daga baya.

Anti ta yi fushinta ta gama, ranar ɗaurin auren Djamila da Hudu ita ta dafa waina.

Yanzu wayar tana cikin jaka. Hudu ne a kujerar gaba, yana kakkarya Sifaniyanci, Djamila na gyara masa.

Afnan ta gane cewa mamanta ta daɗe da sanin hanyoyin garin. Wanda zai yi mata magana a mota take nema.